Barka da Haihuwa, Shugaba

Litinin, bayan Azahar

Da sunan Allah. Mai wannan rubutu shi ne ni, Mai Girma Shugaban Ƙungiyar 'Yan Gida Mazauna Ƙetare, reshen wannan gari da kewayensa, babban tela, wanda in ya miƙe zai yi jawabi sai shayi ya huce a kofuna, a sake ɗorawa, ya sake hucewa. Na ga bai dace mutum irina ya wuce bai bar tarihi ba, shi ya sa na fara rubuta kwanakina.

Ina zaune a hawa na uku, ɗaki da falo. Keken ɗinkina yana bakin taga, an lulluɓe shi da zanen gado. Tare nake da ɗan ƙanwata, wanda ake kira Tsinke saboda ƙarancin tsoka, ko da yake masu ido sun ce sirantakar ce ta ƙara masa kyau. Yaro ne mai hankali, ga ladabi, ga farin jini. A wurin wankin motar da yake aiki babu na biyunsa. Ban taɓa faɗa masa haka a gabansa ba, amma a raina na sani.

Tun da aka dawo da ni daga asibiti ban leƙa ko bakin ƙofa ba. Abin da ya faru a taronmu na Juma'ar nan, ina tsakiyar jawabi, ba zan rubuta shi ba. Waɗanda suka gani sun gani.

Talata, da hantsi

Likita ta zo duba ni. Ta ɗaga hannuna na dama, ta sake shi, ya koma inda ya ga dama. Ta ce hannu zai dawo a hankali, ƙafa ma haka, amma harshe ba ya dawowa sai an tafi an ɗauko shi. Ta ce a yi hira kullum, da kowa, a kan komai. Ta ja yaron gefe ta ce masa watannin farkon nan su ne abin ji; abin da bai dawo a cikinsu ba, da wuya ya dawo.

Da ta fita, yaron ya zauna a bakin gado ya ce, "Kawu, ka ji dai. Likita ta rubuta maka surutu safe da yamma. Abin da ka daɗe kana sha ba tare da an rubuta maka ba."

Kawu ya juya fuskarsa bango. Wato ni, na juya fuskata bango.

Laraba, da yamma

Gida sun kira. Ban ɗaga ba. Yaron ya ce wa Inna, wato uwargidana, ina wajen taro.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Shekaru da yawa ke nan, duk Juma'a 'yan gida a falona suke haɗuwa. Direbobi, masu gadi, masu ɗaukar kaya a kantuna, duk wanda ke jin Hausa a garin nan ya san hanyar matakalata. Mu sha shayi, mu ji wa ya mutu wa ya haihu a gida, mu yi gulmar mutanen ƙasar nan da ba su iya gaisuwa ba, sannan in yi jawabi.

Yau ma sun zo. Na ji takunsu tun daga ƙasa, na Sakatare ya fi na kowa nauyi, don shi direban babbar mota ne, cikinsa ke riga shi shiga ɗaki. Yaron ya tashi zai buɗe, na damƙi rigarsa da hannun hagu na girgiza kai. Ya kalle ni, na sake girgizawa. Sai ya fita ya ja ƙofar a bayansa.

"Kai Tsinke, matsa mu gaida Shugaba."

"Baba Sakatare, likita ta hana."

"Ta hana gaisuwa? Wace irin likita ce wannan, ita ba ta da iyaye?"

"Ta ce iskar bakin mutane da yawa tana tayar da ciwon. Musamman masu cin albasa."

Na ji Sakatare ya hura iska a tafin hannunsa yana shinshinawa. Allah ya shirya yaron nan.

Ba su tafi ba. Suka zazzauna a kan matakala suka yi taronsu a can. Sakatare ya buɗe taro da addu'ar rufewa. Ina bayan ƙofa ina ji, kamar in yi tsalle.

Asabar, da safe

Sun bar lemo da ayaba a bakin ƙofa, abin da zai ishi asibiti guda. Yaron yana ta ƙoƙarin taimaka mini da su. Allah ya yi masa albarka, bai bar ko ɗaya ta lalace ba.

Lahadi, bayan La'asar

Bari in rubuta wani abu game da gidan nan. Daga ƙasa har sama babu ɗan ƙasa ko ɗaya, kowa daga wata uwa duniya ya zo. Ni dai ban taɓa zama da su ba. In mun haɗu a matakala in ɗaga musu kai, su ɗaga mini, shi ke nan. "Baƙin nan" nake ce musu, kamar ni a nan aka binne cibiyata.

Yaron kuwa kullum yana cikinsu. In ya dawo daga aiki sai ya bi ɗaki ɗaki kamar mai karɓar shara. Yaren garin nan suke yi a tsakaninsu, kowa da irin karayar da ya yi masa, rabi da baki rabi da hannu, kuma suna fahimtar juna. Na sha yi masa faɗa: mutum ya bar 'yan'uwansa ya je yana washe baki da waɗanda bai san asalinsu ba? Sai ya ce, "Kawu, 'yan gida sau ɗaya suke zuwa a mako. Sauran kwanakin in yi hira da keken ɗinki?"

A lokacin na ce rashin kunya ce. Yanzu da na duba, yaron yana da basira.

Litinin, da yamma

Gida sun kira. Ina wajen taro.

Talata, bayan La'asar

Yau an yi abin da aka yi.

Akwai wani tsoho mai shagon aski a ƙasan benenmu, gashin bakinsa kamar an manna masa burushin takalmi. Sunan ƙasarsu ma yaron ya kasa faɗa, Mai Aski kawai muke ce masa. Ya tare yaron ya ce telan sama ya daɗe bai sauko ba, yanzu gemunsa ya isa a yi masa kitso, zai hau ya gyara masa.

Na girgiza kai. Yaron ya ce, "Kawu, wannan fa ba ya jin Hausa ko ta sisin kwabo. Ko zaginsa ka yi godiya zai yi. Kuma wallahi ka fara kama da bunsurun da aka manta a gona."

Gemun yana ƙaiƙayi. Na bari.

Ashe a matakala tsohon ya tambayi yaron yadda ake gaida marar lafiya da harshenmu, don ba ya son ya shigo wa babban mutum hannu rabbana. Yaron ya koya masa. Suka tsaya a hawa na biyu suna maimaitawa har ta zauna.

Ya shigo da jakarsa, ya cire takalmi, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai cikin alhini, ya ce, "Barka da haihuwa, ranka ya daɗe. Allah ya raya."

Na kalli tsohon. Na kalli yaron. Yaron yana duba silin, kamar yau ya fara ganinsa.

Tsohon ya ɗauka ban ji ba, ya matso, ya ƙara murya. "Barka da haihuwa!"

Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa Sakatare Hausa a gaban jama'a, yaya zai yi? Leɓena ya fara rawa. Na ji abin yana tasowa tun daga ciki.

"Ba... ba haka."

Ita ce magana ta farko tun ranar nan.

"Ya... ya diki," na ce. Ya jiki nake nufi.

Mai Aski ya gyara tsayuwa kamar ɗalibi, ya ce, "Ya... ya diki." Har da tsayawar da na yi a tsakiya, bai bar komai ba.

Dariya ta ƙwace mini, da rabin baki, har da hawaye. Tsohon bai san abin da ake wa dariya ba amma ya taya ni, burushinsa na rawa. Daga nan na lalubo silifa da hannun hagu na jefi yaron. Ta same shi a ƙeya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, saiti bai taɓu ba."

An yi askin. Na fito kamar ango.

Laraba, da hantsi

Yaron ya tafi aiki yana waƙa. Muryarsa ma mai daɗi ce.

Alhamis, bayan La'asar

Mai Aski ya dawo, wai bai yarda da sauran Hausar da yaron ya koya masa ba, yana son a duba masa. Da gaskiyarsa. Ashe wata da watanni yana ce wa duk ɗan gidan da ya zo aski "sannu da ƙiba", yana zaton sannu da zuwa ce.

Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da wata dattijuwa daga hawa na sama, mai share ofisoshi da asuba, yaron yana ce mata Iya. Ta shigo da tukunyar miya, ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi falon, ta ce da yaren gari maza biyu a ɗaki ɗaya annoba ne. Kafin a ce me, ta buɗe taga ta kwashe kofunan da ke ƙarƙashin kujera.

Suka zauna a gabana. Na sa yaron ya miƙo mini sandar awon yadi. In na nuna abu in faɗi sunansa, su maimaita. Ba sa gaggawa. In kalma ta maƙale mini sai su jira, don a zatonsu haka Hausa take, ana tsayawa a huta a tsakiyarta.

Juma'a, bayan masallaci

'Yan gida a matakala. Likita ta hana. Sakatare ya yi jawabi a kan haɗin kai, aka tashi da faɗa.

Lahadi, da yamma

Ajin yana ƙaruwa. An samu wani dogo mai gadin kanti, daga wata ƙasar daban, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Shi bai damu da karatun ba, miyar Iya ta kawo shi.

Yau Mai Aski ya ɗaga kofi ya ce mini, "Ka ta tayi?"

Na yamutsa fuska. Tayin me? Wa ya yi masa tayi?

Yaron ya ce, "Kawu, kai ka koya masa. Ka sha shayi yake nufi. Jiya ma Iya ta ce mini in kawo luwa. In aka ci gaba a haka, nan da baɗi za a samu wata ƙabila sabuwa a garin nan, kai ne kakansu."

Abin ya sosa mini rai. A ce wai ɗalibaina ne ke yawo da wannan Hausar a gari, a tambaye su wa ya koya muku, su ce Shugaba? Na ƙwace kofin. Na ce ta. Na ce tsa. Na ce sa. Gumi ya keto mini. Babu wanda ya motsa, Dogo ma ya ajiye cokali. Na haɗa haƙora na tura iska.

"Sh... shayi."

Iya ta rangaɗa wata irin guɗa ta ƙasarsu, har maƙwabcin da ke fuskantarmu ya leƙo ta taga. Na sa Mai Aski ya yi ta faɗin shayi har sai da ya roƙi a ba shi ya sha.

Litinin, da hantsi

Ruwa. Ruwa. Ruwa. Rariya ta ƙi.

Talata, da yamma

Yau babu.

Kofi ya suɓuce daga hannun dama ya fashe. Na nemi sunan yaron in kira shi, sunan ya ɓace. Ɗan ƙanwata, wanda na yi wa huɗuba da bakina. Na ce kada kowa ya shigo.

Yaron ya share kwalaben. Ya daɗe a banɗaki, famfo a buɗe. Ina jin mura ce ke damunsa.

Laraba, bayan La'asar

An gaya wa Iya babu karatu yau. Ta ce ita ba ta jin wannan yaren, ta ture yaron ta shigo.

Ta zauna kusa da gado ba ta ce in faɗi komai ba. Ita ta yi ta magana, yaron yana fassara abin da ya kama. Ta ce a duk garin nan babu mai jin harshenta ko mutum ɗaya. In ta yi kewarsa sai ta yi wa tsintsiya magana a ofis kafin ma'aikata su zo. Ta ce mu da muke cika matakala duk Juma'a ba mu san arzikin da muke da shi ba.

Sannan ta ce yau ni ne ɗalibi. Ta faɗi wata kalma ta harshensu, doguwa, mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Na gwada. Abin da ya fito ko ni ban san shi ba. Ta tafa hannu ta ce daidai, haka kakanta yake faɗa bayan haƙoransa sun zube.

Da za ta tafi na nuna yaron da sanda na ce, "Tsinke. Raka ta."

Ya raka ta har hawa na sama, ya dawo yana tsallake matakala bibbiyu.

Alhamis, da yamma

Gida sun kira. Na daɗe ina kallon wayar. Inna ta ce wa yaron wannan taro naku ko na zaɓen sarki ne ya isa a ce an gama.

Juma'a, bayan La'asar

Abin yau kam sai na rubuta shi.

'Yan gida suna zaune a matakala kamar kullum, sai ga Mai Aski ya hawo da butar shayi. Ya tsallake ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Sannunku da zuwa. Ku sha shayi?" Ya ƙwanƙwasa, yaron ya buɗe masa, ya shige. Ba su gama rufe baki ba sai ga Iya ta sauko da tukunya, ta dubi dattawa masu furfura ta ce, "Ina wuni, yara?" Ita ma ta shige. Dogo ya sunkuya ya bi ta.

"Tsinke!" in ji Sakatare. "Zo nan. Likitar da ta hana mu, ita ta ba waɗannan izinin shiga?"

"Baba Sakatare, ai su..."

"Su me? Mu da muka ɗauke shi a kafaɗa ranar nan? Mu da muke cin kwano ɗaya da shi tun kana rarrafe? Makonni muna zaune a kan siminti kamar masu jiran biza." Ya sassauta murya. "In laifi muka yi masa, a faɗa mana mu ba da haƙuri. In kuma jikin ne ya yi tsanani, kada ka ɓoye mana, yaro. Mu ne nasa."

Yaron ya buɗe baki. A karon farko tun da aka haife shi, bai samu ƙarya ko ɗaya a ciki ba.

Sai ya ji ƙarar sanda a bayansa. Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Na iso bakin ƙofa da ƙafata, Mai Aski na gefe bai taɓa ni ba. Suka miƙe gaba ɗaya. Suka ga yadda bakina ya karkace. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya hau gyara hular da ba ta karkace ba.

"Sa... Sakatale," na ce. Na tsaya. Na sake ɗaukowa. "Sakatare. Ba a... buɗe taro... a matakala."

Ƙaton mutumin nan ya cire hula ya rufe fuska da ita, cikinsa na girgiza.

"Ku... shigo."

Falon bai taɓa cika haka ba. Wasu a ƙasa, wasu a hannun kujera, an yaye zanen keken ɗinki an ɗora kofuna a kansa. Da Sakatare ya dawo hayyacinsa sai ya matso kusa da kunnena, yana satar kallon su Iya. "Shugaba, su waɗannan fa? Taron 'yan gida ne."

Na ce, "Sun... fi ka... Hausa."

Falon ya ɗauka da dariya. Mai Aski da bai ji duka ba ya miƙe ya rusuna wa jama'a.

Na yi jawabi. Gajere ne, ina tsayawa ina lalubo kalma. Sau ɗaya Sakatare ya so ya ƙarasa mini wata, Iya ta ɗaga masa yatsa, ya haɗiye abarsa. Aka jira. Ta zo da kanta.

Kafin a watse, direbobi biyu sun yi layin aski na gobe, Dogo kuma ya gano ɗaya daga cikin namu a titi ɗaya suke gadi shekara da shekaru, suna ɗaga wa juna kai.

Asabar, da hantsi

Waya ta yi ƙara ɗazu. Ya miƙa hannu ya ɗaga da kansa. Ya ce a ja masa ƙofa.

Na ce "ya", ban ce "na" ba, don yau wasan ya ƙare. Duk wanda wannan rubutu ya faɗa hannunsa, ya sani ba Mai Girma Shugaba ya yi shi ba. Hannunsa na dama bai kai ga riƙe alƙalami ba tukuna, kuma da shi ne, da shafin farko bai ƙare ba har yanzu. Ni ne, Tsinke, mai wankin mota. Allo kaɗai na yi, bokon nan a waya na tsince shi, in an ga harafi ya karkace a yi haƙuri. Gidan ne ya yi mini shiru da yawa. Mutumin da tun ina yaro ban taɓa jin ya rufe baki ba ya wayi gari yana kallon bango, ni kuma na kasa zama babu muryarsa, sai na riƙa yin ta da kaina a takarda. Yanzu mai abu ya karɓi abinsa. Maganar kyawun yaron da hankalinsa kuwa, wannan ban janye ba.

Ina jiyo shi ta ƙofa. Da farko shiru ya yi yawa, na san Inna ce ke kuka. Yanzu kuma muryarta ta tashi, har nan nake jin ta, tana tambayar wane taro ne aka yi makonni ana yi.

Ga abin da Kawu ya ce mata, da kunnena na ji: "Ni ban ce a yi miki ƙarya ba, yaron nan ne ya shirya abinsa."

Tas ta fito, ko harafi ɗaya bai karkace ba. Yana kira in zo in karɓi wayar. Bari in je in sha faɗana.